Ranar da Muka Ɓoye wa Alhaji Kangonmu

Shekarun baya, kafin gashin kaina ya fara yin ritaya ba tare da ya shawarce ni ba, ina koyar da Hausa da adabi a wata sakandaren jeka-ka-dawo, a wani gari tsakanin Kaura da Zurmi. Ba zan kama sunan garin ba, don mutanensa suna nan da ransu, wasunsu ma suna karanta abin da nake rubutawa a nan, su kira ni su yi mini gyara.

A ƙarshen wata damina iska ta yaye rufin babban ɗakin da muke jarrabawa. Ta kwashi kwanon ta zube shi a gonar wani bawan Allah, ruwa kuma ya shiga ya gama da bencin da ke ciki. Da rani masu duba makarantu suka zo, suka tsaya tsakiyar ɗakin suka ɗaga kai suka ga sararin Allah. Babbansu ya ce idan suka dawo kafin jarrabawar fita ba su tarar da rufi da wurin zama ba, to 'yan ajin ƙarshe sai dai su tafi Kaura su rubuta.

A baki wannan ba komai ba ne, Kaura ba nisa. Amma duk wanda ya san hanyoyinmu a shekarun nan ya san abin da ake nufi. Jarrabawar fita ba ta yini ɗaya ba ce, makonni ake yi ana zuwa ana komowa, kuma lokacin hanyar ba ta da lafiya. Iyaye suka ce ba mai sa ɗansa a kanta safe da yamma, 'yan mata kuwa ba a ma tsaya yin maganarsu ba. Ni ne malamin wannan ajin. Tun suna 'yan aji ɗaya nake fama da su, na san wanda ke iya ɗaurin jimla da wanda har yau yake rubuta ƙa da ka iri ɗaya. Idan aka ɗauke jarrabawar daga garin, mafi yawansu shi ke nan, karatu ya ƙare a bakin ƙofa. Na zama idan na shiga aji ina koyar da su ina jin kamar ina yaudararsu.

Mun kai kuka inda ake kai kuka, aka ce mana ana dubawa. Da dubawar ta yi tsawo, sai iyayen yara suka yi shawarar a nemi wani Alhaji, attajirin hatsi, wanda duk yankin an san shi da gina azuzuwa da haƙa rijiyoyi. Mutum ne da bai gaji ko akuya ba. Da dako ya fara a tashar jirgin ƙasa ta Kaura, tun zamanin da jirgi ke ɗaukar gyaɗa. Daga nan ya samu jaki ya shiga kwarami, wato bin ƙauyuka yana sayen gero da dawa mudu-mudu yana kaiwa Kasuwar Daji da Shinkafi. Jaki ya zama jakuna, jakuna suka zama mota, har ta kai motocinsa na kai hatsi Kudu su komo da kaya. Bai yi boko ba, allo ne iyakarsa, amma na tabbata ya gina azuzuwa fiye da waɗanda na taɓa shiga. Wani dattijo ya je ya gaishe shi, ya ce muna roƙon ya zo ya ga makarantarmu. Iyakar saƙon ke nan. Alhaji ya ce zai zo, ya sa rana.

Shugaban makarantarmu, wanda muke kira Malam Babba, dattijo ne mai tsabta da kamun kai, irin malaman da ko alli zai ɗauka sai ya naɗe hannun riga. Da ya ji an sa rana sai ya tara mu ya ce baƙo irin wannan ba a tarbarsa cikin kango, abin kunya ne ga makaranta da garin duka. Babu wanda ya musa, ni ma ban musa ba. Gaskiya ma daɗi na ji, don an ce ni zan rubuta jawabin maraba.

Haka muka duƙufa. Aka shafa wa azuzuwa biyu na gaba farar ƙasa. Aka je wata makarantar Islamiyya a garin da ke maƙwabtaka da mu aka aro benci masu kyau, aka kawo su a amalanken shanu aka jera. Yaran da rigunansu suka yage aka ce su tsaya layin baya. Sannan aka yi hayar rumfunan taro, aka kafa su daidai gaban ɗakin jarrabawa, aka zagaye bayansu da zana, ta yadda mai zama a kujerar baƙi ba zai ga komai ba sai yadi mai ratsin kore. Ranar da aka gama na tsaya bakin ƙofa na dubi makarantar, ni kaina na ji sha'awar in kawo ɗana.

Jawabina kuwa sai wanda ya ji. Na faro daga darajar ilimi tun farkon duniya, na biyo ta kan malaman ƙasar Hausa, na sauko kan tarihin garin. Maganar rufi tana can shafin ƙarshe, na yi mata ado na kira ta 'yan ƙananan ƙalubalen da ba a rasa ba. Malam Babba ya karanta ya ce ya yi, ba roƙo a ciki, ba zubar da girma.

Alhaji ya zo da hantsi, cikin mota ɗaya, da farar riga marar aiki. Gajere ne, siriri, yana tafiya da sauri kamar har yanzu akwai buhu a kansa yana son ya sauke. Aka kai shi azuzuwan nan biyu. Ya shiga, ya dubi bango, ya dubi yara, ya dafa wani benci ya ɗan sunkuya ya dubi gefensa, ya miƙe. Aka zaunar da shi cikin rumfa, liman ya yi addu'a, na tashi na fara. Ashe mutumin an san shi da ba ya zaman jawabi. Ina tsakiyar malaman ƙasar Hausa, ban ko kusanci garinmu ba, sai ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce Allah shi ƙara basira, yana da tafiya a gaba. Ya juya ga Malam Babba ya tambaye shi yaya makaranta.

Malam Babba ya ce lafiya lau, sai godiyar Allah, ana cikin rufin asiri.

Alhaji ya ɗan tsaya kamar yana jiran wani abu. Sannan ya ce, “Ma sha Allah. Allah shi ƙara rufa asiri.” Ya sa wa yara albarka, ya shiga mota.

Na tsaya da takarda a hannu, shafin ƙarshe yana ƙasa ban taɓa shi ba. Yara suna tafi. Wani malamin lissafi ya matso ya raɗa mini cewa wataƙila haka manya ke yi, sai sun koma gida su aiko. Na riƙe wannan magana na kwana biyu kamar magani. Daga nan sai labari ya zo daga direbobin tasha cewa motocin Alhaji sun wuce da kwano da katako da kafintoci, sun yi wajen Gurbin Bore, wai akwai makarantar da ya gani a can ranar da ya baro mu, yara na zaune a ƙasa, shugabanta ya kama hannunsa ya zagaya da shi ko'ina.

Ban iya cin tuwo ba ranar. Bazara ta kankama, da yamma hadari ya fara leƙowa daga gabas, masu duba makarantu kuma ana sa ran su kowane lokaci. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da ni, ta ga ina juya loma ta tambaye ni. Ita 'yar Kaura ce, a bakin tasha ta tashi, tana taya uwarta sayar da abinci. Na ba ta labari tun daga farar ƙasa har rumfa. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina yaro idan na zo da wayo marar amfani.

“Kai, malamin boko,” ta ce, “kun kira likita, kunka yi ma marar lahiya kwalliya kunka zaunar da shi bakin ƙohwa?”

Na ce ai mutunci ne, Inna. Ta ce ta san mutunci tun ba a haife ni ba. Sannan ta ce ta san Alhajin nan tun yana dako. Wani lokaci sai ya yini bai samu kaya ba, kowa ya ga yunwa a idonsa, amma idan uwarta ta ce ya zo ya ci sai ya ce ya ƙoshi. Ba a taɓa jin ya ce ba shi da shi ba. Sai dai tsohuwar ta zuba a kwano ta ajiye bayan rumfa, ta juya baya tana wani aiki. Mahaifiyata ta ce wanda ya san wannan ciwon a jikinsa ba zai taɓa ce wa mutum ƙarya kake ba idan ya ce ya ƙoshi. Ta ce mu tashi mu same shi, mu faɗa masa da bakinmu, kuma ranar Alhamis ba ya wuce kasuwar Shinkafi, yana nan rumfarsa ta da.

Shawo kan Malam Babba ya fi rubuta jawabin wuya. Ya ce mu koma mu ce me, mu ce mun yi ƙarya? Na ce ba sai mun ce haka ba, mu ce dai ba mu gama magana ba. Na ambato masa sunayen 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, musamman wata yarinya da shi da kansa ya je ya roƙi ubanta ya bar ta ta gama. A nan ya ce to. Ranar Alhamis ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, ta sha guga. Na dube ta, na haɗiye abin da ke bakina.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Sai da rana ta ɗaga motoci suka taru sannan muka tashi a jere, ba mai son ya zama na farko, ba mai son ya zama na ƙarshe. Direbanmu da aka sani da surutu ya kashe rediyo. Duk inda daji ya matso bakin hanya sai motar ta yi tsit, ka ji ƙarar carbi kawai. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta salati a hankali. Muka wuce gonakin da aka daina nomawa, da wani ƙauye da ba hayaƙi ko ɗaya a cikinsa. Ina zaune ina lissafa cewa wannan faɗuwar gaban da nake ji sau ɗaya, ita ce ake so yarana su ji kullum kafin su zauna su amsa tambaya kan adabi.

Muka samu Alhaji a layin 'yan hatsi, zaune kan tabarma, buhuna jibge a bayansa, hannunsa cikin gero yana murzawa yana magana da wasu fatake. Ya gane mu nan take, ya sa aka matsa mana, aka kawo ruwa. Aka shiga gaisuwa. Ya gida, lafiya lau. Ya iyali, lafiya lau. Ya hanya, da godiya. Ya ɗiyan makaranta.

Malam Babba ya ce suna nan lafiya lau, suna gaishe shi.

Fatake suna zaune suna saurare, 'yan dako suna kai da kawo, ba inda mutum zai keɓe. Alhaji ya yi zancen farashin dawa, ya yi zancen damina mai zuwa, ya sake komowa ya tambayi ko akwai wani abu. Malam Babba ya ce a'a, mun shigo kasuwa ne muka ce bai kamata mu wuce ba mu gaida shi ba. Na buɗe baki in yi magana, sai na tuna shugabana ne, ya kusa haifata, ba zan ƙaryata shi gaban 'yan kasuwa ba. Na rufe. Alhaji ya yi godiya, ya ce Allah shi kiyaye hanya. Muka miƙe. Muka sa takalma.

Ina sunkuye ina gyara takalmi idona ya faɗa kan buhunan da ke bayansa. Kowane buhu da wata alama da jan fenti, kamar sawun kaza. Na san alamar. Na yini ina ganinta a gefen kowane bencin da muka aro, na ɗauka tambarin kafinta ne. Na tambayi wani ɗan dako a hankali, ya ce alamar Alhaji ce tun zamanin jaki, da ita yake gane kayansa tunda ba ya rubutun boko, kuma duk abin da ya bayar ana buga masa ita.

Na kama hannun rigar Malam Babba na raɗa masa cewa bencin da muka aro na Alhaji ne, shi ya ba Islamiyyar, kuma ya gani tun ranar.

Dattijon nan ya tsaya cak. Na ɗauka zai wuce ne mu tafi, don da ni ne ƙila abin da zan yi ke nan. Sai ya cire takalmin, ya koma kan tabarma, ya zauna a ƙasa sosai ba irin zaman farko ba. Ya ce, da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba:

“Alhaji, ranka shi daɗe, ba lahiya ba. Ɗakin jarrabawa ba rufi. Bencin da kag gani na aro ne. In ba a gyara ba ɗiyan ga sun rasa jarrabawa.”

Fataken suka sunkuyar da kai, ɗaya ya tashi kamar an kira shi. Alhaji ya kakkaɓe geron hannunsa.

“Na sani, Malam. Bencina ne. Kangon ma na hange shi ta saman zana tun ina cikin mota.”

Malam Babba ya tambaye shi, to me ya hana shi magana.

“Kun yi shimhiɗa, kun kahwa rumhwa, ka ce man rufin asiri gaban ɗiyan da kaka koya ma karatu. In tashi in ɗaga zana in ce malaminsu ba gaskiya yaf faɗi ba? Wa za ya ƙara jin maganakka cikinsu? Na tsaya, na tsaya, ba wanda yab buɗe man ƙohwa.”

Na ji sauƙi ya fara saukowa, sai ya datse shi. Ya ce kwanon da ya tanada ya riga ya tafi, kuma shi ba ya karɓo abin da ya bayar, kafintocin ma ba za su baro can ba sai sun gama. Ya juya yana kallon buhuna. A nan na gama saddaƙarwa, har na fara shirya yadda zan gaya wa ajin. Sannan ya kira wani daga cikin mutanensa ya tambaye shi ina aka tsaya da sabon siton ajiyar hatsin da ake gina masa a Kaura. Aka ce saura rufi, kwano yana ƙasa, gobe za a hau. Ya ce kada a hau, a kwashe kwanon da masu aikin a kai makarantarmu. Mutumin ya ce ga ruwa na tafe, ga hatsi a waje. Alhaji ya ce a nemo tamfol.

Sai ya juyo ya tambaya ko bencin sun koma gida. A nan ne muka ƙara jin wata kunyar, don ba su koma ba. Mun riƙe su muna cewa ko masu duba makarantu za su zo su gani. Ya ce wato ɗiyan Islamiyya suna zaune a ƙasa tun ranar saboda mu. Ya ce a mayar kafin motarsa ta iso, za a yi mana namu.

Washegari da sassafe amalanke ta kwashe su. Makonnin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ina aji ina koyarwa, kunnena yana kan guduma, idona yana gabas. Duk motar da ta tsaya bakin makaranta sai in leƙa ta taga. Ranar da masu dubawa suka zo kafintoci suna sama ba su gama gefe ɗaya ba, benci kuma sabbi fil, ko fenti ba a shafa ba. Malam Babba bai kafa komai ba, bai share komai ba. Ya kai su ya nuna musu inda aka gama da inda ya rage. Babbansu ya daɗe yana kallon gefen da ba a rufe ba, ya tambayi shugaban kafintoci yaushe za su gama, aka gaya masa. Ya ce a bar jarrabawa inda take.

Yaran sun rubuta a garinsu. Ranar takardar Hausa ruwan farko ya sauko, ya dinga dukan sabon kwano har mai sa ido kan jarrabawar sai da ya ɗaga murya kafin a ji shi. Ina tsaye a baranda ba a yarda in shiga ba, ina hangen kawunansu ta taga, duk a sunkuye, ba ɗigo ɗaya a kan takardar kowa.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Ba zan ce kunyar Malam Babba wauta ce ba, don ita ce ta riƙe shi shekaru yana koyarwa da albashin da ba ya kai wata bai taɓa miƙa wa uban yaro hannu ba. Ba zan ce Alhaji ya yi kuskure da ya yi shiru ba, don mutuncin wani ya kare. Mutane biyu ne nagari, kowa yana kare ɗan'uwansa da irin tarbiyyar da aka yi mana duka, aji guda kuma yana tsakiya yana shirin nutsewa. Abin da na koya shi ne mai bayarwa ma yana da tasa kunyar, kuma akwai taimakon da ba ya iya shigowa sai mai gida ya faɗa da bakinsa.

Ɗaliban nan yanzu sun watsu, wasu suna koyarwa, wata tana aikin jinya. Ba wanda ya san yadda aka yi a cikinsu, suna dai cewa Alhaji ya gyara musu ɗaki. Ni kuwa har yau idan abin ya faɗo mini ba rufin nake fara tunawa ba. Abin da ke sa gabana ya faɗi shi ne mun riga mun yi sallama a rumfar nan, mun miƙe, da girmanmu cikakke ba abin da ya taɓa shi, kuma saura kaɗan mu kamo hanyar gida da shi.